Mayafin Kaka a Kan Injin Tanti Rakiya

Ranar Asabar ce, bayan azahar, zafi ya kwantar da unguwa. Ina zaune a bakin zaure da littafin soyayya a cinyata, irin waɗanda ake kawowa daga Kano ta Ƙonni, sai ga Tonton Sani ya shigo yana tura moto ɗinsa, wato babur, da hannu. Daga gidan likita yake, inda matarsa, Tanti Rakiya, take kwance tun ranar Laraba. Bai taɓa shigowa gidan nan ba sai ƙarar moto ta riga shi. Ya jingine shi a bango, ya tsaya yana duban makullin da ke hannunsa, sannan ya ce:

"Salmu, tashi ki share tsakar gida. Ki hiddo tabarmi duka, har na ɗakin baƙi. Mutane na tahe."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. A littattafan da nake karantawa, idan labari irin wannan ya iso, yarinya takan yanke jiki ta faɗi, a yayyafa mata ruwa. Ni tsinken tsintsiya na zara na sa a shafin da na tsaya, na rufe littafin, na kama shara. Ban gama shimfiɗa tabarmi ba mata suka fara sallama. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tanti Rakiya yayar mahaifina ce, kuma ita ce 'yar fari a ɗakin Kaka. Ita ta ɗauko ni daga Barmu shekarar da na samu shiga kolej, ta riƙe ni a gidanta a nan Tawa. Sanƙarau ne ya ɗauke ta a ƙarshen bazara. Ta bar miji da yara biyu ƙanana, Nafisa da Karimu. Abokan aikinta sun ce ya kamata a rubuta wani abu a kanta, Tonton ya ce ni ce na fi daɗewa zaune a gefen teburinta. Ba ni da bakin magana cikin mutane, takarda ta fi mini sauƙi.

Sakatariya ce a wani ƙaramin furoje, wato shirin agaji, mai kula da bankunan hatsi na ƙauyukan arewacin Adar. Aikin biron, wato ofishin nasu, shi ne a zagaya ƙauyuka, a ga inda rumbuna suka ƙare, a rubuta, a aika Yamai, daga can a turo gero. Bara damina ta yi gardama, bana rumbuna suka ƙare da wuri. A makon da ta kwanta, Malam Ilyasu, ma'aikacin da ke zagaya ƙauyukan wajen Afala a kan moto, ya gama shirya takardun neman hatsi. Saura a buga su, shef, shugaban biron, ya sa hannu, motar biro ta kai su Yamai kafin masu rabo su zauna. Wanda takardarsa ba ta iso ba ranar zaman, sai wani zagayen, bayan damina ta yi nisa, mutane sun yi noma da yunwa. Waɗannan takardu suna cikin injin Tanti lokacin da ta rasu. Yadda aka yi aikin wani ya kwana a injin wata, shi ne labarin aikinta gaba ɗaya.

Ordinatar, wato kwamfuta, huɗu ne a biron, injin buga takarda guda ɗaya. Da can injin bugun yana ɗakin shef, wani dattijo mutumin Dosso, mai kirki amma mai son kulle ƙofa. Duk wanda ya gama aiki sai ya kwafe shi a disket, ɗan faifan da ake ɗaukar aiki a ciki, ya je ya tsaya a bakin ƙofa. In shef yana da baƙi, a jira. In ya yi tafiya da makulli a aljihu, a jira har ya dawo. Disket kuwa ba ta jure zafin Tawa: ka sa aiki da safe, da yamma ta ce ba ta san ka ba. Tanti ta ce ta ga babban mutum mai gemu ya zauna a dakali kamar zai yi kuka saboda disket.

Da aka tura ta Yamai ƙarin horo, ta dawo da nadin waya baƙa a cikin jakarta, da wasu 'yan katuna da ake cusa wa inji a ciki, da lojisiyel, wato abin da ake zuba wa inji don ya san aikin da zai yi. Wannan lojisiyel aikinsa shi ne ya sa injuna su ga juna. A lokacin makarantarmu tana rufe, malamai na yajin aiki, sai Tanti ta ce maimakon in zauna gida ina cin littattafai, in riƙa bin ta in koyi buga rubutu. Haka na ga aikin da idona. Ta kira mai gini ya huda bango, ta ɗaure zanenta sosai, ta shiga ƙarƙashin tebura tana jan waya daga ɗaki zuwa ɗaki. Ramukan da aka huda ta toshe su da tsumma saboda kunama. A ƙarshen wayar akwai wani ɗan murfin ƙarfe wanda in aka cire shi komai ya tsaya. Ta shafa masa jan farce, ta nuna wa mai shara, ta ce duk abin da ya gani da ja kada ya taɓa.

Da ta gama, ta buɗe wuri guda a cikin injinta ta sa masa suna Na Kowa. Daga kowane ɗaki mutum zai iya ajiye aikinsa a can, ya ɗauko na wani in yana bukata, ba disket, ba tashi daga kujera. Ana ce wa wannan haɗin rezo. Sannan ta roƙi shef a fito da injin bugu a ɗora shi a teburinta, a ɗakin tsakiya wanda ba shi da makulli. Ya yi ta jan ƙafa, yana cewa kayan furoje amana ne. Ta ce masa:

"Shef, abin da anka kulle, ɓera ka cin gado nai."

Ya yi dariya, ya ba da injin. Tun ranar, mutum yana zaune a ɗakinsa zai danna, takardarsa ta fito a gaban Tanti. Sharaɗi ɗaya ne: dole injinta ya kasance a kunne. In an kashe shi, ba Na Kowa, ba bugu. Saboda haka ita ce mai fara zuwa, ita ce mai tashi a ƙarshe.

Ni a wancan lokacin wayar nan ta shiga raina. Nakan zauna ina duban inda ta shige cikin bango, ina tunanin saurayi a ɗaki guda, budurwa a wani, magana na tafiya tsakaninsu ba wanda ya ji. Wata rana na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko ana iya aika sirri ta nan. Ba ta ɗago kai ba ta ce:

"Abin da ka bi ta wayag ga, buhun gero na da tayar mota. Buga abin da na ba ki."

Ba mace ce mai yawan dariya ba, kuma ba ta lallashi. Amma ranar da ta kama ni da littafin soyayya a cikin littafin nahawun Faransanci, ba ta ƙwace ba. Ta dube ni, ta dubi bangon littafin, ta ce, "To, ya aure ta ko bai aure ta ba?" Na ce ban kai can ba. Ta karɓa ta buɗe shafin ƙarshe, ta karanta a tsaye, ta miƙo mini. "Ya aure ta. Ki kwantar da hankalinki ki yi aiki." Daga nan duk littafin da na kawo sai ta karanta ƙarshensa kafin ni, ba ta kuma sake gaya mini ba.

Takardun da aka turo bugu layi suke bi a cikin injinta, wanda ya riga turowa shi ke fara fita. Tana da ikon ɗaga ta wani sama ta danne ta wani, kowa ya san haka. Shef yakan leƙo ya ce tasa ta gaggawa ce. Takan ce, "Takarda ba ta san shef ba," ta ci gaba da abin da take yi, shi kuma ya tsaya ya jira kamar kowa. Sau ɗaya na ga ta karya layin: ranar da mahaifiyar gardi, mai gadin biron, ta rasu, ana son sanarwar da za a kai gidan rediyo. Wani lokaci kuma wani ya goge aikin abokinsa a cikin Na Kowa bisa kuskure, aka yi ta hayaniya ana neman mai laifi. Ta san ko wane ne. Ta dawo da aikin daga kwafin da takan yi kowace Juma'a, ta gyara wurin yadda kowa zai iya karanta na wani amma ba zai iya gogewa ba, ta ce, "Wanda ya goge ya sani, Allah ya sani, ya isa." Har ta koma ga Allah ba ta faɗi sunan ba, ni ma ban sani ba.

Kaka ta iso daga Barmu da yammacin ranar rasuwar, an riga an kai Tanti makwancinta. Wanda bai san al'adarmu ba zai ce tsohuwar ba ta damu ba. 'Yar fari ce, kuma uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta yabonta, ba ta nuna ta a gaban mutane. Tun da nake ban taɓa jin sunan Rakiya a bakin Kaka ba. "Waccan" take cewa, ko "mai ɗakin ga". Ba ta taɓa tambayar wane aiki take yi ba, ba ta taɓa taka biron ba. A zaman makoki ma idonta a bushe yake. Mata na kuka tana ce musu su yi haƙuri, kamar ita ce ta zo gaisuwa.

Bayan sadakar uku ta ce in raka ta biro ta kwaso 'yan kayan da suka rage. Ranar ce ma'aikata suka koma aiki. Shef ya tarbe mu a ƙofa, ya rusuna, ya kai mu ɗakin tsakiya. Kaka ta ɗauki sallaya da buta da kofin shayi, ta ba ni na riƙe. Ta tsaya tana duban kujerar. A daidai lokacin Malam Ilyasu, yana can ɗakinsa bai san mun zo ba, ya turo takardun Afala. Injin bugu ya yi ƙara, ya ja takarda, ya fara rubutu a gaban kujerar da ba kowa a kanta.

Kaka ta ja da baya har ta taka mini ƙafa.

"Wa ka aiki nan?"

Shef ya fara bayani da Hausarsa ta mutanen Dosso, yana nuna bango, yana nuna waya. Ba ta saurare shi ba.

"Ƙasa ba ta bushe bisa kanta ba, kun aza kayanta aiki? Ku kashe shi."

Aka kashe. Ɗakin ya yi tsit, takarda ta tsaya rabi a ciki rabi a waje. Kaka ta cire baƙin mayafin da ke kanta, ta warware shi, ta lulluɓe ordinatar da injin bugun gaba ɗaya, ta gyara gefe da gefe kamar mai rufe jariri.

"Kada kowa shi ɗaga mayahin ga sai an yi arba'in."

Shef ya ce, "To, Inna." Ba abin da mutum zai ce wa uwar mamaci ban da wannan. Muka fito, tana tafe da ɗankwali kawai.

Sai bayan mun tafi aka lissafa abin da aka amsa. Motar Yamai za ta tashi asubahin Litinin mai zuwa. Takardun Afala suna ƙarƙashin mayafi. Kwafin Juma'a ba ya ɗauke da su, domin Juma'ar ƙarshe Tanti tana gidan likita. Rubutun hannun da Malam Ilyasu ya dawo da shi daga ƙauyuka ma babu: Tanti ba ta yarda a zubar da takarda, duk wadda aka gama shigarwa cikin inji matar gardi take ba wa ta naɗe ƙosai. Wani a biron ya ce a sa hannu ta ƙarƙashin mayafin a kunna, ai ba a ɗaga shi ba. Shef ya ce ba a yi wa mai makoki wayo, kuma shi ya amsa da bakinsa. Malam Ilyasu ya zauna da biro da takarda yana ƙoƙarin tuno komai da ka, ya tashi ya bari. Ya ce garin da aka manta a takarda an manta da shi a buhu, kuma shi ne ya tsaya a gaban dattawan garuruwan nan ya ce musu su saurari mota.

Sai ya riƙa zuwa gidanmu gaisuwa, safe da yamma. Ya tsuguna a bakin ɗakin da Kaka take.

"Inna, ina haƙuri?"

"Haƙuri sai godiya."

Sai ya ce, "Allah shi jiƙanta."

"Amin."

Ya tashi ya fita. Ba a kawo zancen aiki a tabarmar makoki. Ya sami Tonton Sani a zaure ya roƙe shi ya yi maganar, Tonton ya ce, "Ni? Surukata? Ko ido ban taɓa haɗawa da ita ba." Mahaifina kuwa yana Abijan cin rani, saƙon rasuwar ma ba mu tabbata ya same shi ba. Ranar Asabar da safe ina fitowa da kwanonin baƙi, Malam Ilyasu ya tare ni. Idanunsa sun yi ja.

"Salamatu, saura ke. Jika ba ta kunyar kaka."

Na ce, "Ni kunyar kowa nika ji."

"To yau ki ranta ma mutanen Afala bakinki. Gobe ki ci gaba da kunya."

Na sami Kaka a ɗakin Tanti, ta kwantar da kan Nafisa a cinyarta tana yi mata kitso. Na tsaya a kanta na kasa farawa.

"Mi na na? Kin tsaya mini bisa kai kamar shamuwa."

"Kaka, zancen injin biro na."

"An aiko ki."

"An aiko ni."

"Mai jajayen idanun ga da ka zowa sahe da marece kamar shi ar rasa ɗiya?"

"Shi na."

Ta ja gashin Nafisa, yarinyar ta yi ƙara, ta ce mata ta yi shiru. "Ko jaki, in mai shi ya mutu, ana sauke mai kaya shi huta. Su ba su san haka ba, da karatunsu duka?"

"Ba nata na ba, Kaka. Na biro na."

"Na gani da idona. Teburinta, kujera tata, kohinta na gehe."

"Teburin nata na. Abin da ke ciki na mutane na. Kowa nan shika aje aiki nai. Geron mutanen Afala na ciki."

"Gero cikin akwatin ƙarhe? Uwar littahi, ni za ki karanta ma tatsuniya?"

"Takardar gero. In ba ta tahi Yamai jibi ba, ba a aiko musu sai damana ta yi nisa."

Kaka ta san abin da ake nufi da noma ba hatsi a rumbu, ba sai jika ta gaya mata ba. Ta gama layi guda na kitson, ta tsaga wani.

"To don mi kowa ka aje kaya nai wurinta? Su ba su da nasu akwatin?"

Na yi mata bayani yadda na iya: cewa akwai waya da ta ratsa bango ta haɗa injunan, cewa nata ne uwa, sauran a wurinsa suke ɗiba suna zubawa, cewa takardar da ta gani tana fita Malam Ilyasu ne ya turo ta daga ɗakinsa.

"Wa ya haɗa musu? Anasara?"

"Ita ta haɗa."

"Ita ɗai?"

"Ita da mai ginin da ya huda bango."

"Da hannunta?"

Na ce da hannunta. Na gaya mata yadda ta shiga ƙarƙashin tebur da zanenta mai kyau, yadda ƙura ta ɓata mata gwiwa, yadda shef ya tsaya a ɗaya ɗakin yana riƙe da bakin waya.

"Dattijon ga mai hurhura? Shi ar riƙa mata?"

"Shi. Tana ce mai ja, shina ja. Tana ce mai tsaya, shina tsayawa."

Hannun Kaka ya tsaya a kan Nafisa. Wani sauti ya fito mata ta hanci, ban san ko dariya ce ba.

"Tun tana ƙarama haka take. Ita ka aiken ubanta."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da na taɓa ji Kaka ta yi a kan Tanti. Na yi zaton an gama. Sai ta ci gaba da kitso, ta ce:

"Na yi magana gaban maza. Miyan da anka tohwar ba a maishe shi baki. Tashi ki ba ni wuri."

Na fita na gaya wa Malam Ilyasu. Ya ce, "To. Allah shi saka miki." Ya ce in mota ta tafi babu takardun, shi zai hau moto ya je ya faɗa wa mutanen da bakinsa, kada su yi ta duban hanya. Da yamma ya sake zuwa gaisuwa kamar kullum, ya tambayi haƙuri, aka amsa masa.

Ranar Lahadi kasuwar Tawa ke ci, ana sa ran matan Barmu da suka shigo kasuwa za su biyo gaisuwa. Da hantsi na ji Kaka tana zazzage jakarta, tana jefar da kaya a kan gado.

"Salmu! Ina baƙin mayahina?"

"Kaka, ai shina biro. Ke kinka..."

"Tarihi na tambaye ki? Mutanen garinmu na tahe, in tarbe su da ɗankwali kamar budurwa? Tahi ki ɗauko mini abina."

A kan gadon akwai mayafai biyu da ta fitar da hannunta, ɗaya fari, ɗaya mai ruwan ƙasa. Na dube su, ta dube ni.

"Yanzu, Kaka?"

"A'a, baɗi."

Na saka takalmi na fita. Na bi ta gidan Malam Ilyasu, shi ya je ya ɗauko shef, gardi ya buɗe mana. Muka tsaya mu uku a gaban teburin. Shef ya ce:

"Inna ta ce a kunna?"

"Ta ce tana son mayafinta."

Ya dubi mayafin. Sannan ya ce, "Ba a hana mai abu abinsa. Ɗauka, ɗiyata."

Na ɗaga shi a hankali, na kakkaɓe, na ninke. Ba wanda ya zauna a kujerar. Malam Ilyasu ya zare takardar da ta tsaya rabi, ya yi bisimilla, ya danna maɓallin a tsaye, ya wuce ɗakinsa. Da injin bugu ya fara ƙara na fito, domin ana jira na a gida.

Takardun sun bi motar asubahin Litinin, sun isa kafin a zauna. Bayan ruwan shuka motocin gero suka wuce arewa. Malam Ilyasu ya ce bai ishi kowa ba, amma babu garin da aka tsallake.

Ranar da na kawo mayafin, na iske matan Barmu sun cika ɗaki. Kaka ta karɓa ba ta tambaye ni komai ba. Ta warware shi, ta kai shi hanci, ta ce, "Ya yi warin biro." Wata daga cikin matan ta ce a ba ta ta wanke. Kaka ta ce a bar shi, ta yafa a kanta. Har aka yi arba'in ta koma Barmu, shi take yafawa, kuma ban ga ya taɓa ruwa ba.

Ya Allah, ga baiwarka Rakiya ta zo gare ka, ba ta da kowa sai kai. Ka gafarta mata abin da muka sani da abin da ba mu sani ba. Ka yalwata mata kabarinta, ka sanyaya shi, ka sa ta amsa tambaya da sauƙi. Duk wanda ya ci loma ta hanyar aikin hannunta, ka kai mata ladan inda take. Ka raya Nafisa da Karimu, ka sa su tashi a hannun masu tausayi. Ka ba Tonton Sani ƙarfin riƙon gida. Ka isar da labari ga mahaifina a hankali, ka dawo da shi lafiya. Kaka kuma, wadda ba ta roƙa mata a fili, ka ji abin da take faɗa maka a ɓoye, ka karɓa. Mu da muka rage, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.